Awo Ba Ya Ƙarewa Ranar Suna

Akwai wata cuta da takan shiga gida ba sallama, ta zauna shekara da shekaru ba wanda ya san da ita. Ba ta fid da ƙurji, ba ta sa zazzaɓi, sau da yawa ko ciwon kai ba ta kawowa. Sunanta hawan jini. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kuma koyi aikin karɓar haihuwa. Yawancin shekarun aikina na yi su ne tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara, wani lokaci a ɗakin awo, wani lokaci kuwa gida gida da jakata a kafaɗa. Na ga wannan cuta ta kama yarinya mai cikin fari, na kuma ga ta kwantar da tsohuwa mai jikoki. Mutane suna tsammani abu biyu ne dabam. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, sau da yawa igiya ɗaya ce. Bakinta ɗaya yana ɗakin mai ciki, ɗaya bakin kuma yana ɗakin tsohuwa.

Ƙasar da muke aiki

Bari in fara da ƙasar, gama ba a gane aikin nas sai an san hanyar da take bi. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogo da ya taso daga Zariya, wanda ya iso a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga. Daga nan hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Shinkafi mai babbar kasuwa, ɗaya ta nufi Zurmi har ta ɓulla Jibiya ta ƙasar Katsina. Da muna cikin Jihar Sakkwato, sai a 1996 aka yanke mana Zamfara. Kowane ɗaya cikin garuruwan nan uku yana da babban asibiti. Abin da ya fi ƙarfinsu kuwa sai a aika Gusau.

Da can abin da ke hana mai naƙuda isa asibiti shi ne damina, da gulbi in ya kawo, da rashin mota. A 'yan shekarun nan sai wata masifa ta ƙaru, wato 'yan bindiga. Akwai ƙauyukan da in magariba ta yi ba direban da zai yarda ya fita ko nawa za a ba shi. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa an yanke layin wayar hannu a dukan jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako mako, saboda yaƙi da ɓarayin daji. Makonni da yawa ba mu iya kiran kowa, ba wanda yake iya kiranmu. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta janye waɗansu ma'aikatanta daga Zurmi na ɗan lokaci saboda faɗa ya matso kusa da asibiti. A watan Yuni na 2024 ita wannan ƙungiya da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Gidan da yaro ya rame haka, ka tabbata uwarsa ma ba ta ƙoshi ba, kuma sau da yawa tana da wani cikin.

A irin wannan ƙasa na gane iyakar ƙarfina. Zan iya zuwa gidanki da hantsi, amma da tsakar dare ba na nan. Abin da ke kwana tare da ke shi ne abin da mutanen gidanki suka sani. Saboda haka rabin aikina ba allura ba ne, koyarwa ne.

Me ake yi a wurin awo?

Mata da yawa sukan ce mini, "Malama, ni lahiyata lau, mi za ni yi asibiti?" Amsar wannan tambaya an same ta tun da daɗewa, a nan ƙasar Hausa. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka buga sakamakon a 1985. Sun tarar matan da suka riƙa zuwa awo ƙalilan ne ƙwarai suka mutu a cikinsu. Mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda ba su taɓa zuwa ba, sai da abu ya lalace aka ɗauko su ranga ranga. Shekaru sun wuce, amma matsalar ba ta ƙare ba. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ciki ko haihuwa ya kashe a duniya duka 'yan Nijeriya ne.

Da ana cewa mai ciki ta zo awo sau 4. A 2016 Hukumar ta mai da shi sau 8, na farkon kuwa cikin wata uku na fari. In kin zo, za a ba ki ƙwayar ƙarin jini, ki sha ɗaya kowace rana, amma kada ki kora ta da shayi, gama shayi yana rage amfaninta. In ciki ya wuce wata uku za a fara ba ki Fansida saboda zazzaɓin cizon sauro, wata wata, aƙalla sau 3 kafin ki haihu. Za a yi miki allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, wadda take tsare ki ta tsare jinjirinki. Za a tsoma 'yar takarda cikin fitsarinki, in ta sake launi alama ce ƙoda ta fara sakin abin da bai kamata ya fita ba. Sa'an nan a ɗaura miki abin awon jini a damtse.

Wannan na ƙarshe ba ya cin minti biyu, amma shi ne ke tona asirin baƙon nan da ya shigo ba sallama. Lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau. In mai ciki ce da ta wuce wata biyar, ga kuma alama a fitsari, to, jijjiga tana bakin ƙofa. Ana iya tare ta kafin ta shigo.

Wata yarinya da mahaifiyarta

Wata rana a wani ƙauye na ƙasar Zurmi na shiga gida na tarar da yarinya da ta zo goyon ciki wurin iyayenta. Cikin fari ne, wata takwas. Fuskarta ta cika, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Na tambaye ta ko tana ciwon kai, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, gama mai cikin fari ba ta maganar cikinta a gaban uwa. Mahaifiyar ce ta amsa, ta ce, "Jiki na ya yi kyau, Malama, ko dai tagwaye na." Na ce, "Inna, a ba mu ɗaki mu biyu." Da muka kaɗaita na ce wa yarinyar, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ta ce kwana uku ke nan kanta yana sarawa, tana kuma ganin wuta wuta a idonta. Na auna, 170 bisa 110.

Na fito zaure na sami mahaifinta, aka kira mijin daga gona. Ban yi musu dogon bayani ba. Na ce, "Baba, in aka bar ta ta kwana nan, tana iya faɗuwa ta yi jijjiga da dare, sa'ad da ba mota. Yanzu rana tana sama, hanya a buɗe take." Kafin la'asar tana asibiti. Aka yi mata allurar magnesiyam da ke hana jijjiga, aka ba ta maganin sauke jini, bayan kwana biyu aka taimake ta ta haihu. Ita da ɗanta suka komo gida da rai.

Bayan mako biyu na koma duba ta. Ina naɗe abin awo sai mahaifiyar ta miƙo hannu tana dariya, ta ce, "Ni ma gwada mini in gani." Na auna, 180 bisa 100. Na sake aunawa bayan ta huta, bai sauka ba. Na ce, "Inna, ke da kika yi cikin fari, lafiya kika haihu?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ita ma ta kumbura, ta faɗi ranar haihuwa ta ciji harshenta, aka ce iskoki ne, aka yi mata hayaƙi. Ta tashi, aka yi suna, kowa ya manta. Shekara wajen talatin ke nan ba wanda ya taɓa ɗaura mata abin awo.

Igiyar da na faɗa ke nan. Likitoci sun tabbatar cewa macen da jininta ya hau da ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kuwa yakan kusan ninka mata. 'Yar da uwarta ta yi shi, ita ma ta fi saurin yi. Haka kuma macen da sukari ya hau mata da ciki, ko ya sauka bayan ta haihu, yana iya komowa bayan shekaru ya zauna. Ciki kamar damina ne ga ɗaki. Inda ya yi yoyo da ruwan fari, nan ne zai rushe wata shekara in ba a yi yaɓe ba.

Kwana arba'in na jego

Mutanenmu suna kula da mai jego ƙwarai, wannan kuwa abin yabo ne. Ana hutar da ita, ana gasa mata nama, ana dama mata kunu. Sai dai akwai abin lura. A shekarun 1970 waɗansu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun ga mata da yawa suna zuwa bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Suka danganta abin da yawan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa sun sake bin wannan cuta a asibitoci da yawa na Nijeriya. Binciken da suka buga a 2020 ya nuna rama, da rashin abin hannu, da hawan jini lokacin ciki suna da babban hannu a ciki. Saboda haka ba na shiga gida in ce wa tsohuwa al'adarta ce ke kashe 'yarta. In na faɗi haka ba za ta ƙara buɗe mini ƙofa ba, kuma ba dukan gaskiyar ke nan ba.

Abin da nakan faɗa shi ne, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Macen da jininta ya hau da ciki, ko ƙafarta ba ta saɓe ba bayan haihuwa, a yi mata kunu ba kanwa. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. In kuwa mai jego ta fara haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tana tari da dare, wannan ba sanyi ba ne da za a ƙara wa wuta. A kai ta asibiti ran nan. A kuma sani jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu, ba sai da ciki kaɗai ba.

Ana so a duba mai jego sau 4: ranar da ta haihu, da rana ta uku, da cikin mako na biyu, da bayan mako shida. Na ga lissafin nan yana ɓace wa mutane, sai na riƙa ɗaura shi a kan ranakun da ba a mantawa. Nakan ce, ranar haihuwa, da kwana uku, da bayan suna, da arba'in. In an gama wanka za a mai da ita ɗakin miji, a biya ta asibiti a auna jininta tukuna. In ya sauka, a gode wa Allah, amma ta riƙa aunawa ko sau ɗaya a shekara, in kuma ta sake samun ciki ta zo da wuri ta faɗa wa nas abin da ya faru a na baya. Akwai maganin da likita zai iya ba ta tun ciki yana ƙarami don rage haɗarin. In bai sauka ba, ta shiga sahun masu cutar da ake zama da ita.

Cutar da ake zama da ita

Wannan ne darasi mafi wuya a wurin mutanenmu. Mun saba da zazzaɓi: ka sha magani kwana uku, ka warke, ka ajiye. Hawan jini da ciwon sukari ba haka suke ba. Magani ba ya korar su, riƙe su yake yi, kamar yadda turke yake riƙe da doki. Ran da ka tuge turke, doki ya tafi. Na sha zuwa gaisuwar mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, in tambaya, a ce, "Ai ya ji sauƙi ne ya bari." Waɗansu kuma kuɗi ne ya yanke. Waɗansu hanya ce ta rufe, magani ya ƙare a gida.

Ga abin da nake koya wa kowane gida da ke da irin wannan majinyaci. Kada a jira ƙwayar ƙarshe kafin a nemi wata. A ƙasa irin tamu, in ya rage na mako biyu a fara neman hanya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A adana katin asibiti da kwalin magani cikin leda, wuri ɗaya da kowa ya sani. In gudun hijira ya kama, Allah ya kiyaye, a ɗauke shi tare da kuɗi. Na karɓi mata a Ƙaura da Shinkafi waɗanda suka baro ƙauyensu da dare, suna cewa suna shan "wata 'yar farar ƙwaya". Fararen ƙwayoyi sun fi ɗari. Wadda ta zo da katinta kuwa, cikin minti biyar an ɗora mata daga inda ta tsaya. Kada a karɓi maganin maƙwabci don nasa ya yi masa aiki. Macen da take shan maganin hawan jini, in ta ga batan wata ta zo nan da nan, gama akwai irin da ke cutar da ɗan tayi, sai a sake mata wani.

Game da abinci, ba na ce wa talaka ya sayi abin da ba shi da kuɗinsa. Gishirin da ya ishi babban mutum a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. A rage su, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Zogale, da rama, da yakuwa, da wake, duk suna bayan gida ko a gona, suna da amfani ga mai ciki da tsoho baki ɗaya. Mai ciwon sukari ya bar lemon kwalba da shayi mai sukari, ya rage girman malmalar tuwo, kada ya yi yawo ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowane dare, gama ƙaya tana iya sukarsa bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo.

Su wa ya kamata su sani?

In na koya wa mai ciki ita kaɗai, aikin bai cika ba, domin ba ita take yanke shawara ba. Wadda ta faɗi tana jijjiga ba ta iya roƙon a kai ta asibiti. Shi ya sa nakan zauna da uwar miji, da kishiya, da ungozomar unguwa, in kuma nemi mai unguwa ya tara mini magidanta a ƙofar gidansa. Ungozoma ba abokiyar gabata ba ce. Ita ake fara kira da dare, ita ce idona a inda ba na nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alamun da nake so kowa ya haddace ba su da yawa: ciwon kai mai tsanani, gani dishi dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙahon zuci, zubar jini komai ƙanƙantarsa, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi, faya ta fashe ba naƙuda, ko naƙudar da ta wuce yini guda ko dare guda. Ko ɗaya aka gani, ba a jira gari ya waye sau biyu.

Maigida, kai ma ga naka. Tun ciki yana wata bakwai ka ware kuɗin mota, ko da ɗan akuya ne ka ɗaure dominsa. Ka yi magana da direba ko mai babur tun yanzu. Ka san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an bukata. In za ka yi tafiya, ka bar izini a bakin mahaifiyarka da matarka cewa in abu ya taso a tafi, ba sai an neme ka ba. In ƙauyenku yana inda hanya ba ta biyuwa da dare, kuma nas ta ce cikin yana da haɗari, ka kai ta gidan dangi a cikin gari tun wata tara bai cika ba. Ran da ka raka ta awo kuma, kai ma miƙa hannunka a auna, gama hawan jini bai san namiji ba.

Ku kuma iyaye masu 'ya'ya mata a makaranta, ku bar su su ƙare, ku tura waɗansu koyon aikin jinya a Gusau ko aikin lafiya a Tsafe. Baƙuwar nas tana iya tafiya in gari ya yi zafi. 'Yar gari kuwa nan ɗakinta yake, ta san kowace tsohuwa da sunanta, ana kuma iya buga mata ƙofa da tsakar dare.

Mai karatu, akwai abu ɗaya da za ka iya yi cikin makon nan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ka zauna da mahaifiyarka, ko gwaggonka, ko matarka, ka tambaye ta ko ta taɓa kumbura ko faɗuwa da ciki, ko da shekara ashirin ne da suka wuce. In ta ce i, ka kai ta a auna jininta, a rubuta lambar a kati, ta zo da shi gida.